Yadda Za a Kare Audugar Bt Daga Ƙwari

Tun shekarar 2018 aka amince manoman Najeriya su shuka audugar da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, wato irin MRC 7377 da MRC 7361, waɗanda kamfanin Mahyco ya samar tare da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya. A jikin wannan auduga akwai sinadari iri biyu da aka samo daga wata ƙwayar bakteriya da ke rayuwa a cikin ƙasar noma, wadda ake kira Bt a taƙaice, kuma aikinsu shi ne kashe tsutsar da ke huda ƙwallon auduga. Iyakar aikinsu ke nan, saboda haka manomin da ya ajiye injin feshi ya daina leƙa gona zai yi asara.

Ƙwarin da ke tsotse ruwan ganye, irin su darɓa da farin ƙuda da ɗan ƙaramin koren ƙwaron nan mai tsalle, babu abin da Bt ke yi musu. Don haka a riƙa zagaya gona aƙalla sau ɗaya a mako da sassafe, a ratsa kunyoyi daga wannan kusurwa zuwa waccan, ana juya bayan ganye. Idan ganye ya fara nannaɗewa, gefensa ya yi rawaya ko ja, ko kuma hannu ya ji danƙo a kansa, to lokaci ya yi da za a nemi shawarar malamin gona. Kada a yi feshi sai ƙwarin sun yi yawan da zai cutar da amfani, domin feshin wuri yana kashe gizo-gizo da sauran ƙwarin da ke cinye darɓa. In an yi feshi sau biyu, kada a maimaita magani mai sinadari ɗaya.

Abin da aka fi yin sakaci da shi, kuma a ganina shi ya fi muhimmanci, shi ne shuka 'yan layuka na audugar da ba Bt ba a gefen gona, kamar irin SAMCOT na cibiyar Samaru. Wasu na ganin ɓarnar fili ce, amma a nan ne tsutsar da ba ta saba da sinadarin ba take rayuwa, ta zama malam-buɗe-littafi ta yi barbara da 'yan tsirarun da suka ci audugar Bt suka tsira, sai 'ya'yansu su fito ba su da juriya. A Indiya, inda manoma da yawa suka yi watsi da wannan, jar tsutsar ƙwallo ta daina jin Bt, har aka koma feshi.

Kada a ajiye angurya don shukar baɗi, domin irin aure ne, ba ya maimaita ingancinsa. Bayan an gama tsinka, a tuge karan a ƙone shi tare da ƙwallayen da suka ƙi buɗewa, saboda a cikinsu jar tsutsa take ɓuya har damina ta dawo.