Barcelona ko Rum: daga ina ya fi sauƙin hawa jirgin ruwan yawon buɗe ido?

'Yan uwa masu shirin zagayen Bahar Rum, kafin ku biya kuɗin tikiti ku duba tashar da jirgin zai tashi. Jiragen ruwan kamfanonin MSC da Costa da yawa kan ɗauki fasinja a Barcelona ta Sifaniya da kuma Rum ta Italiya a zagaye guda, garuruwan da za a gani kusan iri ɗaya ne.

Inda gizo ke saƙa shi ne "Rum" ɗin da ke kan takarda. Ba cikin birnin tashar take ba, tana Civitavecchia ne, kimanin kilomita 80 daga Rum, tafiyar awa ɗaya ko fiye a jirgin ƙasa, ga jan akwatuna. Ita kuwa tashar Barcelona a gefen gari take, filin jirgin sama ma bai da nisa. Mai tafiya da yara ko iyaye tsofaffi, ni dai Barcelona zan ce masa. Amma wanda ke son kwana biyu a Rum yana kallon Kolosiyam (tsohon filin wasan Romawa) da Batikan, wahalar Civitavecchia ta biya kuɗin sabulu.

Bizar Schengen (ta shiga ƙasashen Turai da dama) guda ɗaya ta isa Sifaniya da Italiya. Kowacce kuka zaɓa, ku sauka garin kwana guda kafin ranar tashi, don jirgin ba ya jiran wanda ya makara.