Yadda na gyara tsinkewar igiya a injin ɗaure ciyawa

Kwana biyu injin yana ba ni ciwon kai. Zai ɗaure dami lafiya lau, can sai ɗaya ya faɗo a warwatse. Da farko bakin ƙarfen da ke ƙulla igiyar na zarga, har na wasa wuƙar da ke yanka ta, amma abin bai daina ba.

Sai na lura ba ya faruwa sai lokacin da curin igiya ɗaya ya ƙare, na biyu ya karɓa. Ashe laifina ne. Ƙullin da nake haɗa su da shi ƙato ne, ga jela na bari zololo, yana isa kafar allurar injin, wadda ke kai igiya wurin da ake ƙulla ta, sai ya maƙale, igiyar ta tsinke. Wani lokacin kuma kwancewa yake yi, don igiyar roba santsi gare ta.

Yanzu bakin waje na curin da ke aiki nake haɗawa da bakin tsakiya na mai jiran gado, tunda daga tsakiya ake jan igiya. Nakan naɗa sau biyu a zagayen farko, sau ɗaya a na biyu ta ɗaya hannun, in ja da ƙarfi har ƙullin ya kwanta, in datse jelar gajeriya.

Da na kashe taraktar da ke jan injin na shafa kafar allurar da yatsa, sai na ji igiya ta ci wurin har ya yi kaifi. Na goge shi da sanfefa. Tun ranar dami bai sake warwatsewa ba.