Yadda za ka daidaita SELinux da DRBD ba tare da kashe shi ba

DRBD manhaja ce mai kwafar ma'ajiyar bayanai tsakanin sabobi (servers) biyu, SELinux kuma tsarin tsaro ne na Linux mai taƙaita abin da kowace manhaja za ta iya yi. Kullum tambayar ɗaya ce: DRBD ya ƙi tashi, ko in kashe SELinux? Kada ka kashe. Ga yadda nake yi a RHEL 9 (Red Hat Enterprise Linux) da danginsa.

1. Rubuta getenforce. Ya kamata ka ga Enforcing, wato SELinux yana aiki.

2. Sauke kayan aiki: dnf install policycoreutils-python-utils

3. Sassauta wa DRBD shi kaɗai (drbd_t ne sunan rukuninsa a SELinux): semanage permissive -a drbd_t
Hattara: setenforce 0 sabar gaba ɗaya yake buɗewa. A nan mutane suka fi yin ganganci.

4. Tayar da ma'ajiyar (a nan sunanta r0) a sabobin biyu: drbdadm up r0

5. Mai da sabar farko babba da drbdadm primary r0, sannan ka sauke ta da drbdadm secondary r0. Abin da ba ka gwada ba yanzu, ba zai shiga dokar SELinux da za ka haɗa a mataki na 6 ba.

6. Tattara abin da SELinux zai hana, ka mai da shi doka mai suna drbd_gida:
ausearch -m avc -ts recent | grep drbd_t | audit2allow -M drbd_gida
Kalmar recent minti 10 na baya kawai take kamawa, kada ka tafi shan shayi.

7. Buɗe drbd_gida.te ka karanta layi-layi. audit2allow ba ya tantancewa, duk abin da ya gani zai halatta. In matsalar lakabin da SELinux yake sa wa fayil ce, restorecon ne maganinta, ba sabuwar doka ba.

8. Ɗora dokar: semodule -i drbd_gida.pp

9. Cire sassaucin: semanage permissive -d drbd_t

10. Maimaita a sabar ta biyu.

In har sabobin sun kasa ganin juna, leƙa firewalld, katangar tsaron sadarwa, ka tabbatar tashar (port) da ka sa a r0.res, fayil ɗin saitin ma'ajiyar, galibi 7788 ko 7789, a buɗe take.