Yadda ake gano dalilin rawar lantarki a direban leza na haɗin gida

Diyod ɗin leza, irin wanda ake cirowa daga na'urar rubuta faifan DVD, ba ya jure sauyin kwararar lantarki, domin ƙarin bolteji kaɗan yana iya sa abin da ke ratsa shi ya haura ƙima, ya lalace nan take. Saboda haka idan haske yana rawa, ko mita tana nuna adadi yana hawa da sauka, sai a kashe wuta, a cire diyod ɗin a ajiye, a yi dukkan binciken da madadinsa. Ana haɗa madadin ne da diyod 1N4001 guda huɗu a jere idan lezar ja ce mai nanomita 650, ko guda shida idan shuɗiya ce mai 445, sannan a ƙara resista mai om 1 a ƙarshe. Duk milibolt ɗaya da mita ta karanta a kan wannan resista daidai yake da miliamfa ɗaya.

Yawancin direbobin gida, wato da'irorin da ke daidaita kwararar lantarki zuwa diyod, da ƙaramin guntun lantarki mai ƙafa uku da ake kira LM317 ake yin su, kuma aikinsa shi ne riƙe bolt 1.25 tsakanin ƙafar OUT da ƙafar ADJ, ta yadda resista mai om 5 a tsakaninsu za ta ba da miliamfa 250. A ɗora mita a kan waɗannan ƙafafu biyu yayin da da'irar ke aiki. Idan adadin bai kai 1.25 ba, to mafi yawan lokuta wutar da ke shigowa ce ta yi ƙaranci, kuma a ganina a nan ya kamata a fi tsananta bincike. LM317 yana buƙatar rarar kimanin bolt 3 a kan abin da diyod ke ci. Jar leza mai cin kusan bolt 3 tana buƙatar aƙalla 6, don haka batirin 18650 guda ɗaya, wanda cikarsa bolt 4.2 ce, ba zai taɓa isa ba. Shuɗiya mai cin kusan 5 takan yi aiki da batir biyu lokacin da suke cike a 8.4, amma da zarar sun ɗan sauka sai kwararar ta bi su ƙasa. A riƙa auna batir yana ɗauke da kaya, wato yayin da da'irar ke jan wuta daga gare shi, domin wanda ya gaji ma yakan nuna adadi mai kyau idan babu abin da ke jansa.

Idan kuma da'irar ta fara lafiya, bayan ɗan lokaci ta faɗi, ta dawo bayan ta huce, to zafi ne. Wanda ya ba jar leza bolt 12 a miliamfa 250 ya bar wa LM317 kusan wat 2 ya mayar zafi, kuma idan babu ƙarfen sanyaya zai iya kaiwa inda kariyarsa ta ciki za ta rage wuta. A rage boltejin, ko a ɗaura masa ƙarfe, amma a sani cewa bayansa haɗe yake da ƙafar OUT, alhali jikin jajayen diyod da yawa haɗe yake da negatib, don haka kada su haɗu a ƙarfe ɗaya ba tare da makari ba. Resista mai om 5 ɗin kanta tana zubar da sama da wat 0.3, wanda ya fi ƙarfin mai rubu'in wat, sai a sa mai wat 1.

Tsalle na bazata, wanda ke zuwa idan an taɓa waya ko an girgiza teburi, alamar sakwarkwacewar haɗi ce. A daina amfani da allon gwaji mai ramuka, a liƙa komai da dalma, a gajarta wayoyi. Ƙaramar resistar murɗawa, idan da ita ake saita kwararar, ita ma abin zargi ce, tunda dukkan kwararar ta harshenta take bi, kuma ya fi aminci a maye gurbinta da tsayayyiya. Kafasita mai maikurofarad 0.1 kusa da ƙafar shiga tana kwantar da ƙaɗawar da mita ba ta iya gani, musamman idan wutar daga caja take.

Kafin a mayar da diyod na ainihi, a haɗa wayoyin fita biyu na ɗan lokaci bayan an kashe wuta, don kafasitar da ke gefen fita, idan akwai, ta zubar da cajinta, domin wadda ta cika babu kaya takan juye shi gaba ɗaya a kan diyod. A sanya tabarau na kariya da aka yi wa launin wannan leza. Idan kwararar ta daidaita ba ta rawa amma haske yana dusashewa, diyod ɗin ne ke ɗaukar zafi, sai a matse shi cikin gidansa na ƙarfe. Idan kuwa haskensa ya zama raunana har abada, to fuskar da ke fitar da hasken ta riga ta ƙone, kuma sai dai a nemo wani.