Babi na 6: Yoga, numfashi da miƙa don ciwon baya da damuwa

'Yan uwa barkanmu da sake haɗuwa. Ku bi wannan babin a hankali, wanda karatunsa bai yi ƙwari ba ya sa na kusa da shi ya karanta masa, ba abin kunya ba ne.

Yoga motsa jiki ne da ya samo asali daga Indiya, ana haɗa miƙa da numfashi da natsuwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware masa ranar 21 ga watan Yuni, tun 2015 ake bikinta. Na san tambayar da ke bakinku don an yi min ita a ajinmu na Agege a Legas, wai Malam ba bautar wasu ba ce? A can akwai masu haɗa shi da addininsu, gaskiya ne, mu kuwa numfashi da miƙa kawai muka ɗauka, babu kalmar da za ka furta babu wanda za ka rusuna wa.

Ɗan dakon albasa a kasuwar Mile 12, direban tanka da ke kwana a layin Apapa, tela da ke duƙe kan keke tun safe, da wanda ya yi awa 3 a danfo cikin gosulo, duk kukansu ɗaya ne, baya ya riƙe, wuya ya sage, dare ya yi barci ya ƙi zuwa sai tunani. Yoga yana rage wannan. Amma mai hawan jini ko sukari kada ya ajiye maganinsa, mai juna biyu da wanda aka yi wa tiyata su tambayi likita tukuna.

Darasi na 1: Numfashi

Shimfiɗa tabarma. Kada ka yi bayan ka ƙoshi, bari kamar awa 2 su wuce. Kwanta rigingine, wato bayanka a ƙasa fuskarka na kallon silin. Lanƙwasa gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Hannun dama a kan cibiya, na hagu a kan ƙirji.

Rufe baki. Shaƙi iska ta hanci kana ƙirgawa a zuci, 1, 2, 3, 4. Hannun da ke kan cibiya shi zai tashi, cikin ya kumbura kamar balan-balan. Na ƙirji kusan ba ya motsi. Sai ka saki iskar ta hanci a hankali har ka ƙirga 6, cikin ya lotsa.

Nan ne kowa ke tuntuɓe, don haka bari in sake. In ka shaƙa, ciki ya fito. In ka fitar, ciki ya koma. Yawancinku akasin haka kuke yi, ku tsuke ciki ku ɗage kafaɗa har kunne kamar wanda aka watsa wa ruwan sanyi. Akwai wani dattijo a ajinmu sai da na ɗora masa littafin nan a kan cibiya na ce Baba ɗaga min shi da cikinka, ya yi ta fama littafin ko motsi, ran kwana na 4 sai ga shi yana hawa yana sauka, wallahi ranar na ji daɗi. Kai ma ɗora littafi. Shaƙa, littafi ya hau. Fitar, littafi ya sauka. Bai hau ba? Ba komai, sake. Yi sau 10.

Fitarwar ta fi shaƙar tsawo ne don a lokacin fitar da iska bugun zuciya ke lafawa, shi ya sa faɗuwar gaba ke raguwa. In ka ji jiri ka yi gaggawa kenan, tsaya ka huta.

Kuma dan Allah ku daina riƙe numfashi. Na faɗa na sake faɗa, har yanzu ina ganin fuskoki sun murtuke jijiyar wuya ta tashi. Wasu kuma sai a aji suke yi, a gida sai waya har ƙarfe 1 na dare, sannan a zo a ce min Malam ba ya aiki. Ta yaya zai yi aiki? Minti 5 fa kawai nake so ku yi a gida. Ciki ya fito, ciki ya koma.

Wanda damuwarsa ta kai ba ya ci ba ya barci, ko yana jin rayuwar ta ishe shi, numfashi kaɗai bai isa ba, a raka shi asibiti, akwai na ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Yaba.

Darasi na 2: Gwiwa zuwa ƙirji

Kana kwance yadda kake. Rungumo gwiwar dama da hannu biyu, jawo ta wajen ƙirji, yi numfashi 5 irin na ɗazu, saki. Sai ta hagu. In ka ji zafi kamar sukar allura ko ƙafa ta yi sanyi, bari.

Darasi na 3: Miƙar kyanwa

Durƙusa a kan gwiwa da tafin hannu. Shaƙa ka saki baya ya lotsa, fitar ka tura shi sama. Sau 6.

Darasi na 4: Hutu

Koma ka kwanta rigingine, miƙe ƙafafu, rufe ido, minti 3. Ranar Asabar kowa ya zo da tabarmarsa.