Yadda ake lissafin yiwuwa da rarrabuwar nomal

Ka zuba gero a ƙasa ka dubi tsibin: tudu a tsakiya, yana sirancewa ta dama da hagu. Kusan haka zanen rarrabuwar nomal yake, shi ya sa wasu ke kiransa mai siffar ƙararrawa. Abin da zanen ke faɗa shi ne yawancin awo suna taruwa kusa da matsakaici, kaɗan ne ke yin nisa. Abraham de Moivre, Bafaranshe mazaunin Landan, shi ya fara fito da shi a 1733 yana lissafin jefa kwabo, sannan Carl Friedrich Gauss na Jamus ya yi amfani da shi a 1809 wajen kurakuran awon taurari.

Bari mu yi aiki da misali guda. A ce wani inji yana cika buhunan takin zamani. Matsakaicin nauyinsu kilo 50 ne, ma'aunin karkata kuma kilo 0.8. Dillali yana son sanin yiwuwar buhu ya gaza kilo 49.

Mataki na farko: tabbatar da lambobinka biyu

Matsakaici ana rubuta shi da μ, ma'aunin karkata da σ, wato sigma. Sigma ce ke nuna yadda awon ya bazu; idan ƙarama ce tsibin ya tsuke, idan babba ce ya baje. A kula, wata tambayar σ² take bayarwa. In ka ga an ce σ² = 0.64, sai ka ciro tushensa, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba da 0.64, ka samu 0.8, kafin ka ci gaba.

Mataki na biyu: yi zane

Nan ne nake roƙon ɗalibi kada ya yi gaggawa. Zana ƙararrawar, ko da a karkace ne, ka ja layi a tsakiya ka rubuta 50. Ka sa alama a 49 ta hagu, ka duhunta duk abin da ke bayanta. Wannan wurin da ka duhunta shi ne amsarka, domin a wannan lissafi yiwuwa fili ce a ƙarƙashin zanen. Filin duka 1 ne, rabin hagu 0.5, rabin dama 0.5. Tun ba ka taɓa teburin da ake karanta filin a ciki ba, idonka ya gaya maka amsar ba za ta kai 0.5 ba. A ganina wannan zanen ya fi duk sauran matakan muhimmanci, kuma shi ne aka fi tsallakewa.

Mataki na uku: mayar da awon zuwa z

z = (x − μ) ÷ σ

A nan x shi ne awon da ake tambaya a kai. A misalinmu, (49 − 50) ÷ 0.8 = −1.25. Ma'ana kilo 49 yana ƙasa da matsakaici da sigma ɗaya da kwata. Alamar ragi tana nufin hagu ne kawai, kada ka yar da ita.

Mataki na huɗu: san irin teburin da ke hannunka

Teburan z iri biyu aka fi samu, kuma rikita su ne ke kayar da mutane. Wani yana ba da filin tun daga ƙarshen hagu har zuwa z. Wani kuwa daga tsakiya yake farawa. Gane su ba wuya: dubi z = 0.00. In ka ga 0.5000, na farkon ne. In ka ga 0.0000, na biyun ne. Galibi ma akwai ɗan zane a saman shafin da ke nuna hakan.

Ka nemi 1.2 a layin gefe, 0.05 a layin sama, ka karanta inda suka haɗu. Teburin farko zai ba ka 0.8944. Tunda ɓangarorin biyu tagwaye ne, filin da ke ƙasa da −1.25 daidai yake da wanda ke sama da 1.25, wato 1 − 0.8944 = 0.1056. Teburi na biyu zai ba ka 0.3944, sai ka cire shi daga 0.5, ka sake samun 0.1056. Hanya biyu, gida ɗaya.

Mataki na biyar: faɗi amsar da bakin kasuwa

Yiwuwar ita ce 0.1056, kusan kashi 10.6 cikin ɗari. Cikin buhu 1,000, a sa ran kimanin 106 za su gaza kilo 49. Wannan ce maganar da dillali zai gane, ba z ba.

In tambayar ta juya fa?

Yiwuwar buhu ya haura kilo 51.6: z = 1.6 ÷ 0.8 = 2, teburi ya ba da 0.9772, sai 1 − 0.9772 = 0.0228. Tsakanin 49 da 51.2 kuwa z biyu za ka nema, −1.25 da 1.5. Filin da ke ƙasa da 1.5 shi ne 0.9332, cire 0.1056, saura 0.8276.

Akwai ma'aunin duba kai da ya kamata ka haddace: kimanin kashi 68 na awon suna cikin sigma ɗaya daga matsakaici, kashi 95 cikin sigma biyu, kashi 99.7 cikin uku. In z ɗinka ya kai 2 amma ka samu wutsiya, wato filin da ya rage a ƙarshen zanen, mai kashi 30, ka koma ka duba, akwai inda ka kauce.

Mai kwamfuta zai iya rubuta =NORM.DIST(49,50,0.8,TRUE) a Excel, ya samu 0.1056 nan take. Shi ma daga hagu yake ƙirgawa, don haka tambayar "fiye da" tana bukatar cirewa daga 1.

Saura gargaɗi guda, kuma da gaske nake yinsa: ba kowane awo ne nomal ba. Tsayin manyan maza ko nauyin abin da inji ya cika suna kusa da wannan siffa. Kuɗin shigar mutanen gari kuwa sam; talakawa sun cunkushe a gefe ɗaya, attajirai ƙalilan sun ja wutsiyar zuwa can nesa. In bayananka ne ka tattara da kanka, ka fara zana su ka ga ko sun yi tudu a tsakiya da gefe biyu masu kama da juna, sannan ka ɗauko teburin z.