Yadda ake buɗe mota idan makulli ya rage a ciki, ba tare da an lalata ƙofa ba

Ni abin ya same ni ne a bakin Kasuwar Dole, ranar Alhamis, kasuwa ta cika maƙil. Na sauka in taya yaro ɗora buhun gero, na turo ƙofa, sai na ji ƙaras. Ga makulli can kan kujera, ina kallonsa yana kallona. Kafin in gama salati mutum bakwai sun kewaye motar, kowa da tasa dabarar. Tun daga ranar na sha ganin irin haka a Damagaram, kuma kusan kullum wajen buɗewa ake yin ɓarnar da ke cin kuɗi.

Kafin komai, akwai yaro a ciki? In akwai, kuma inji a kashe yake, manta da duk abin da zan faɗa a ƙasa. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da garin nan ke wuce digiri 40, motar da ke rufe a rana tanda ce, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. A sa wani ya kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, kai kuma ka fasa gilashin gefen da ya fi nesa da yaron. Daki kusurwa da abu mai tsini, tsakiya ta fi taurin kai. Kada ka ɓata lokaci a kan gilashin gaba, shi ninki biyu ne da roba a tsakani, tsagewa yake yi, ba ya zubewa.

In babu kowa a ciki, to ka nutsu. Zagaya ka ja ƙofofin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, har da kofur na baya. Kada ka yi dariya. Na taɓa ganin an yi kusan awa ana fama da ƙofar direba, sai wani almajiri ya ja ta baya ta buɗe, ashe injin kulle na wannan ƙofar ya daɗe da mutuwa. Wanda kuma telekomand ɗinsa ke hannu amma ta ƙi aiki, ya duba jikinta, yawancinsu akwai ɗan makullin ƙarfe a ɓoye ciki.

Sai tambaya ta gaba: akwai na biyu a gida? In akwai, hau kabu-kabu ka ɗauko, ko da a Karkada kake ko Garin Malam. Kuɗin zuwa da dawowa bai kai rabin abin da mai gyara zai karɓa ba. Matsalar ita ce motocin Kwatano da yawa da makulli guda suke zuwa, mu kuma mu yi ta cewa gobe za mu yanko wani.

To babu na biyu. Yanzu ka sallami taron. Ka zaɓi mutum ɗaya, in da hali makaniken da ka sani, sauran ka ce musu, “Na gode, Allah ya saka, maigidana na nan tafe.” Ko ƙarya ce ka faɗa. Ni kunya ce ta hana ni. Wani dattijo ya dafa ni ya ce, “Ɗana, kwantar da hankalinka, wannan aikin minti biyu ne.” Ya zaro turnabis daga aljihu, ya cusa a saman ƙofa, ya danna da ƙarfinsa duka. Motar ta buɗe kuwa. Amma bakin ƙofar ya lanƙwashe, fenti ya ɓare, robar ta yage. Da hunturu ya shigo ƙura ta riƙa kwanta mini a kafaɗa, in na hau hanyar Mirriya iska na yi mini fito a kunne, da damina kuma kujera ta jiƙe. Sau biyu ina kai ta wajen mai gyaran jikin mota, har na sayar da ita ba ta koma daidai ba.

Don haka a nan zan daɗe. Dokata ita ce ƙarfe ba ya taɓa fenti. Ka samo itace mai laushi a fere shi kamar bakin gatari, siriri a gaba, mai kauri a baya, ka naɗe shi da tsumma ko guntun robar taya. Wurin sa shi kusurwar sama ce ta ƙofa, ɓangaren da ke nesa da madubi, don nan ce ta fi saki. Ja bakin ƙofar da yatsu tukuna, ka tura itacen a hankali, da tafin hannu, ban da guduma. Ratar da kake nema ba ta wuce kaurin ƙaramin yatsa ba. Da ta samu, tsaya. Masu kallo za su ce ƙara kaɗan, kada ka ƙara, wannan kaɗan ɗin ne ke lanƙwasa ƙofa. Ita ƙofa tana da iyakar da in an sake ta za ta koma mazauninta, in an wuce nan shi ke nan.

In akwai mai abin awon hawan jini kusa, irin wanda ake ɗaurawa a dantse ana matsa ƙwallon roba, ya fi itace nesa ba kusa ba. Zura shi a lafe cikin ratar, ka hura a hankali, nauyin sai ya bazu, ba ya taruwa wuri guda. Sai dai ka shirya biyan mai shi in ya fashe.

Daga nan sauran mai sauƙi ne. Ƙarfe siriri mai tsawon hannu ko fiye, a lanƙwasa bakinsa, a naɗe da salatif don kada ya karce komai. Wani ya tsaya ta ɗaya gefen yana leƙe yana faɗa maka hagu ko dama. Maɓallin buɗe ƙofa za ka nufa ko hannun ciki. Kada ka ce za ka ƙugiyo makullin ta rata, in ya suɓuce ƙarƙashin kujera ka ƙara wa kanka aiki. Tsofaffin motoci masu ɗan maɓalli a tsaye bakin gilashi, irin su Starlet, igiyar takalmi ma ta isa: yi zarge a tsakiya, shigar da ita ta kusurwa, saƙale kan maɓallin, ja sama. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cusa ƙarfe tsakanin gilashi da roba zuwa cikin ƙofa. Wayoyin lantarki na can, kuma a makance ake lalube.

In duk ya faskara sai an fasa, kira mai sayar da gilashi ka ji wanne yake da shi a shago. Mutane na zaɓar ɗan ƙaramin nan mai kusurwa uku wai ya fi araha, alhali sau da yawa shi ya fi wuyar samu, sai an aika Kano.

Ranar nan, ba gobe ba, je wajen mai yanka makulli. Ko motarka mai makullin lantarki ce, na ƙarfe zalla zai buɗe ƙofa duk da ba zai tada inji ba, kuma ƙofar kake so. Yanko biyu, ka gwada su a gabansa kafin ka biya. Ɗaya wajen uwargida, ɗaya cikin jakar da kake sa katin ɗan ƙasa, ba cikin aljihun mota tare da takardu ba.